Radka ta Saman Ƙugiya

A garin Ruse, in ka tambayi birkiloli da kafintocin da suka kwana biyu a sana'a ko sun san Radka Kolarova, wani zai yi dariya, wani ya yi tsaki, amma ba wanda zai ce maka bai san ta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai kaurin murya da ta shafe shekara talatin da uku tana tuƙa ƙugiyar ɗaga kaya a wuraren gini. Da yawa daga cikin benayen da ke bayan tashar jirgin ƙasa ita ta ɗora musu rodi da kankare, tun suna rami har suka kai inda suka kai.

'Yar ƙauye ce daga bakin kogin Danube. Ubanta yana noman inabi, uwarta tana tatsar shanu a gandun gwamnati. Da ta gama makaranta aka turo ta birni koyon ɗinki, ta yi sati biyu a gaban keke ta ce in ta ƙara kwana ɗaya a ɗakin nan haukacewa za ta yi. A zamanin ba abin mamaki ba ne a ga mace a saman ƙugiya, don masu ɗaukar aiki sun ce mata sun fi haƙuri, kuma ba sa kurɓar barasa da rana tsaka. Radka ta je ta sa hannu ba da shawarar kowa ba. Da ta koma ƙauye da labarin, uwarta ta yi kwana uku ba ta kula ta. A na huɗu ta miƙo mata safar ulu mai kauri da ta saƙa, ta ce tunda ta zaɓi zama inda tsuntsaye suke, ta dai rufe ƙafa.

Wanda ya koya mata aiki wani dattijo ne mai yatsu takwas, ana ce masa Bai Stamen. Ranar farko ta zo da ɗoki, ta kama tsanin ƙugiya za ta hau, ya riƙo mata riga.

"Ina zuwa?"

"Sama, Bai Stamen."

"Sama tana nan, ba inda za ta. Zo mu zaga."

Suka zaga wurin ginin kaf, shi a gaba ita a baya. Da suka dawo ya ce ta faɗi abin da ta gani. Ta ce ta ga gini da mutane. Ya ce to ta ga abin da akuya ma za ta gani, su koma. A zagaye na biyu ya riƙa tsayawa yana nuna mata da sandarsa. Ga katako a yashe, ƙusa tana kallon sama. Ga wayar lantarki ta ratsa ta cikin kududdufi. A hawa na uku ya ɗaga wani buhun siminti da aka shimfiɗa a ƙasa, sai ga rami a ƙarƙashi wanda in mutum ya taka sai dai a tsince shi a hawa na ɗaya. Ya sa ta shafa sarƙar ɗaure kaya zobe bayan zobe, har yatsanta ya faɗa kan wanda ya fara buɗe baki.

"Duk wanda na gani ya mutu a wurin gini," in ji shi, "abin da ya kashe shi tun da safe yana nan a fili, mun wuce ta gabansa muna hira."

Wata guda cur suna wannan zagaye kafin ya bar ta ta taɓa sitiyarin ƙugiya. Ta ji haushinsa ƙwarai a lokacin, har takan kwaikwayi tafiyarsa in ya ba da baya.

A shekararta ta biyu ta yi kuskuren da ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. An ɗaure mata tarin bulo cikin gaggawa. Tana ɗagawa ta ga ya ɗan karkace, amma mai ba ta hannu daga ƙasa yana ta yi mata alamar ta ci gaba, ita kuma tana jin kunyar a ce yarinyar nan ta cika tsoro. Kayan na kaiwa hawa na huɗu bulo uku suka zame. Biyu suka fashe a ƙasa, ɗaya ya sauka a kan wani mai filasta da ke wucewa da bokiti. Hular kwanonsa ta tsage biyu, mutumin ya zauna daɓas a cikin yashi. Radka ta sauko, ta je bayan tarin katako ta yi amai. Bayan kwana biyar mutumin ya dawo aiki da wuya a ɗaure, ya neme ta, ta tsaya tana jiran zagi.

"Ke ce mai ruwan bulo?" ya ce. "To ki gode wa matata. Ita ke bi na da hular nan har ƙofa kullum. Da ba don ita ba, da yau kuna cin dafaffiyar alkamar sadakar makokina."

Ya yi dariya ya wuce. Ita ba ta yi ba. Daga ranar ba ta ƙara ɗaga kayan da ɗaurinsa bai kwanta mata ba, ko wa ke ba ta hannu, kuma ba ta ƙara ratsawa da kaya ta saman kan mutum ba.

Ta auri Dimcho, direban bas mai sanyin hali, suka haifi 'ya ɗaya. Da mulki ya sauya aikin gini ya tsaya cik, ƙugiyoyi suka yi ta tsatsa a kan benayen da ba a gama ba. Shekara shida Radka tana sayar da ƙwai da cuku a kasuwa. Da gini ya farfaɗo aka neme ta, ta koma, amma ta tarar da wata duniya daban. Kamfanoni sun yi yawa, kowa na sauri, an ba ta na'urar oba-oba a maimakon alamar hannu. Wannan na'ura kuwa ta zame wa ma'aikata masifa, don daga inda take zaune ba abin da ke ɓoye mata.

"Kai mai jar riga a hawa na shida, ina igiyar ɗamararka? Ko fukafukai gare ka?"

"Yanzu zan gama, Lelya!"

"Na san yanzu za ka gama. Ɗaura."

A gabanta Lelya Radka suke ce mata, kamar yadda mutum zai kira ƙanwar uwarsa. A bayan idonta kuwa Hankaka. Ta san da sunan, bai dame ta ba. Har yanzu kuma kowace safiya sai ta zaga wurin aiki da ƙafa kafin ta hau, da kofin gahawa a hannu.

Tana da shekara hamsin da biyu aka kai ta wani gini mai hawa goma a gefen gari. Shugaban ma'aikata a wurin Plamen ne, mutum mai kirki amma wayarsa ba ta hutawa, masu ginin kullum suna tambayarsa yaushe za a gama. A cikin masu shimfiɗa bututu akwai Fikret, Baturken wani ƙauye na wajen Razgrad, mai 'ya'ya mata uku da bakin da ba ya shiru. Shi kaɗai ke ce mata Abla, wato yaya a harshensu, shi kaɗai kuma ke iya tsokanarta ya kwana lafiya.

"Abla, yaya mala'iku a can sama? Sun karya kumallo?"

"Sun ce in gaishe ka. Wai in ba ka ɗaure igiyar hularka ba suna nan tafe."

"Ki ce musu ina da 'yan mata uku ban aurar ba, su nemi wani."

A watan Mayu aka haƙa dogon rami a gabashin ginin don bututun ruwan ƙazanta. Zurfinsa ya kai tsayin mutum biyu. An kawo faifan ƙarfe masu tokare bangon rami, aka jibge su a bakin ƙofa, amma ba a sa su ba, don sa su zai ci rabin yini. Ranar Litinin Radka ta tari Plamen.

"Ƙarafan nan ado aka kawo su yi?"

"Lelya, ƙasar nan yumɓu ce, tsaye take kamar bango. Jibi mun rufe ramin."

"Kira ni in sauke muku su. Aikina ne, ba roƙo ba."

"Zan kira ki."

Bai kira ba. Daren Litinin da yinin Talata aka yi ta sheƙa ruwa. Ranar Laraba gari ya waye garau, ta zaga ta ga tarin ƙasar da aka haƙo an jera shi daf da bakin ramin, ya sha ruwa ya yi nauyi, tsani kuma guda ɗaya ne, a can ƙarshen ramin. Ta sake yi wa Plamen magana, ya rantse mata bayan abincin rana za a sa ƙarafan. Ta yi gunaguni, ta shanye gahawarta, ta hau.

Wajen ƙarfe goma tana ɗauke da rodi za ta kai hawa na bakwai, sai ga tifa ta shigo da tsakuwa, ta ja da baya ta tsaya gab da ramin, injin na aiki. Radka ta kalli ƙasa kamar yadda ta saba. A bayan tarin ƙasar, inda wanda ke tsaye a ƙasa ba zai iya gani ba, ta hango wani siririn layi baƙi yana bin tsawon ramin. Da safe babu shi. Tana kallo ya ƙara faɗi.

Mutum uku ne a ciki.

Ta danne ƙahon ƙugiya ba ta ɗaga hannu ba, ta fizgo oba-oba.

"Ku fito daga ramin! Ku fito! Fikret, ku bar komai, bango zai zo!"

Da wani ne ya yi ihun da wataƙila sun tsaya tambaya. Muryar Hankaka kuwa sun san ba ta taɓa fita haka ba. Biyu suka ruga suka kama tsani. Fikret ne ya fi nisa, ga takalminsa ya nutse a laka. Ta ga ya zare ƙafa ɗaya ya bar takalmin, ya yi taku uku. Sai bangon ya kwanto. Bai yi wata ƙara ba, gum ɗaya kawai, ƙasa ta cike wurin da yake.

Nan da nan wuri ya hargitse. Mutane suka yi ca a bakin ramin, mai katafila ya tayar da injinsa zai zo ya haƙa. Radka tana can sama, saukowa kaɗai zai ci mata minti goma sha biyar, ba ta da komai sai ido da murya.

"Kashe katafilar nan! Kashe, kansa za ka cire! Mai tifa ma ya kashe injin. Kowa ya ja da baya daga bakin, sauran bangon bai gama ba. Plamen, kana ji na?"

"Ina ji, Lelya." Muryarsa kamar ba tasa ba.

"Kira 'yan kwana-kwana da motar asibiti. Fikret yana taku huɗu daga bakin bututun ƙarshe, ta wajen gini. Na ga inda hularsa ta shige. Sannan ka je ƙofa ka ɗaure mini ƙarafan nan."

Mutum biyun da suka tsira ba su jira kowa ba, suka koma ciki suna tono da hannu a inda ta ce. Ta so ta hana su, ta san ba za su ji ba, sai ta sa wani ya tsaya yana kallon bangon ya yi musu ihu in ya motsa. Ta ajiye rodin a kan bene, ta juya ƙugiya zuwa ƙofa. Kafin ta kai aka yi sowa daga ramin, sun tono fuskarsa, yana numfashi da ƙyar, ƙasa ta danne shi har wuya.

Plamen da kansa ya ɗaura sarƙa. Ta ɗaga kamu ɗaya daga ƙasa, ta ga faifan ya karkata gefe. Ta mayar ta ajiye.

"Sake ɗaurawa."

"Lelya, mutum na mutuwa!"

"In ya suɓuce a kansa fa? Sake. Sarƙar hagu ta fi tsawo."

Ya zagi kansa, ya zagi sarƙa, ya sake. Wannan karon kayan ya tashi daidai. Ta ratso da shi ta bayan ginin inda ba kowa, ta sa masu tono suka fito na ɗan lokaci, ta riƙa saukewa a hankali. Daga sama kan Fikret bai fi ƙwayar wake ba. Ta sauke ƙarfen da ya fi mota nauyi, faifai ɗaya ta damansa ɗaya ta hagunsa, tsakaninsa da kafaɗarsa bai kai tsawon hannu ba. Da ya zauna daram a ƙasa ne ta lura ta ciji leɓenta har jini ya ɗiga a riga.

Ba a yi minti goma ba sauran bangon ya zubo, ya daki faifan ƙarfen ya tsaya. Mutum biyar ne a ciki a lokacin.

Aka yi ta tono da hannu da ƙaramin shebur, ana kwashe ƙasa da hulunan kwano ana miƙawa sama. 'Yan kwana-kwana suka iso suka karɓa, likita ya shiga ya sa masa ruwa a jijiya tun yana binne. Sai da aka yi awa ɗaya da minti arba'in aka zaro shi, da karaya a ƙugu da cinya da haƙarƙari huɗu.

Da motar asibiti ta fita Radka ta tashi ta fara saukowa. Tsanin da take yi a minti goma sha biyar ya ci mata rabin awa, tana hutawa a kowane dakali. Ta zauna a gindin ƙugiya. Plamen ya zo ya tsaya a gabanta, laka har gira, ya cire hularsa yana murzawa a hannu. Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Mayar da hularka," ta ce. "A ƙarƙashin ƙugiya kake."

Masu binciken haɗarin aiki suka rufe wurin sati biyu. Da suka zo kanta ta faɗi abin da ta sani, ba ta ƙara ba ta rage ba, har da nata laifin. Ta ce ta ga ramin da safe, ta san bai yi ba, ta yi magana sau biyu, sannan ta hau abinta. Abin da ya kamata ta yi shi ne ta zauna a bakin tsanin ta ce ba mai shiga, ba kuma abin da za ta ɗaga, sai an tokare. Mai rubutawa ya ce ba ita ke da alhakin rami ba. Ta ce ta sani, ya dai rubuta. Plamen ya sha hukuncinsa, aka sauke shi daga muƙaminsa na shekara guda. Da ya dawo ya zama mutumin da ake tsoro a kan rami fiye da ita. Har yau a duk inda yake aiki ba a shiga ramin da ya wuce ƙugu sai an tokare shi, a sa tsani gaba da baya, a nisanta ƙasa da mota daga baki, in kuma an yi ruwa sai ya duba da idonsa.

Da aka fara barin mutane su ga Fikret, ta je da miyar kaza a kwalba. Matarsa Sebile ta tare ta a ƙofar ɗaki, ta kama hannunta ta sumbata ta ɗora a goshi. Radka ta rasa inda za ta sa kanta. Fikret yana kwance an rataye masa ƙafa, ya rame, murya can ƙasa.

"Abla, na gan su."

"Su wa?"

"Mala'ikun naki. Sun zo har ramin. Sai suka ji ihunki suka ce a'a, wannan matar ba za mu iya da ita ba."

Ta ce masa ya rufe mata baki ya sha miya, ta juya wajen taga tana goge ido da bakin gyale.

Bai koma rami ba. Yana ɗingishi, yanzu shi ke kula da ma'ajiyar kayan aiki a wani kamfani. Amma kowace shekara ranar da abin ya faru yakan yanka rago a ƙauyensu don godiya, kamar yadda Kirista da Musulmin yankin suke yi in mutum ya tsallake rijiya da baya. Ana kafa babbar tukunya a gindin bishiyar tsakar gida, liman ya yi addu'a, maƙwabta su zo da kwanukansu. Radka takan biya coci da sassafe ta kunna kyandir uku, ɗaya don Fikret, ɗaya don mutum biyar ɗin da ke cikin ramin, ɗaya kuma a wajen da ake kunna wa matattu, don Bai Stamen, wanda ya rasu ba ta taɓa ce masa ta gode ba. Daga nan Dimcho ya tuƙa su zuwa ƙauyen. Shekarar farko Plamen bai je ba. A ta biyu Fikret ya buga masa waya ya ce in bai zo ba zai aiko masa da kan ragon har ofis. Ya zo, tun daga nan kuma shi ke faskaren itace.

Gwiwoyi ne suka sauko da Radka daga ƙugiya tana da shekara hamsin da takwas. Ta koma gidan iyayenta a bakin kogi, tana noman tattasai da tumatir, in kaka ta yi ta cika kwalabe ta raba wa wanda ya so da wanda bai so ba. In aka ce mata ta ceci rai takan ce ba ita kaɗai ba ce, akwai masu tono da farce. Abin da ta fi yi wa Allah godiya a kai, in ji ta, shi ne a duk shekarun nan ba ta taɓa zuwa ƙofar wata mata ta ce mijinki ba zai dawo ba.

Bana ma sun je. Uwar Fikret ta haura tamanin da biyar, ba ta jin Bulgaranci sosai, Radka kuma Turkancinta bai wuce gaisuwa ba. Duk da haka tsohuwar ba ta yarda kowa ya zauna kusa da ita sai Radka. Ta riƙa tsamo tsoka mai laushi daga kwanonta tana zubawa a na baƙuwarta, in Radka ta ce ta ƙoshi sai ta daki cinyarta ta ƙara wata. Suka yini a kan benci ɗaya, kowace na magana da harshenta, kowace na gyaɗa wa 'yar'uwarta kai. Da la'asar Sebile ta cika musu tukunya da romo, ta naɗe ta da tawul. Radka ta rungume ta a cinya a gaban mota, tun daga ƙauyen har gida tana yi wa Dimcho faɗa ya bi ramukan hanya a hankali kada ya zubar mata.